Fyaɗe a makarantun hafsoshin Amurka: wa ke da ikon kai ƙara gaban alƙali?



Maganar yau magana ce mai nauyi a baki, domin ta shafi fyaɗe, kuma ta shafi soja, abubuwa biyu da mutane suka saba rage murya in za su ambace su. Wurin da abin ya faru ƙasar Amurka ce, cikin makarantun da take horar da hafsoshinta. Tambayar da wannan jawabi zai bi kuwa ga ta: idan ɗaliba ta ce wani ɗalibi ya yi mata fyaɗe, alhali su biyun kaki ɗaya suke sanye da shi, kuma janar ɗaya ke shugabantarsu, wa zai yanke shawarar a kai maganar kotu ko a bar ta? Wane haƙƙi doka ta ba mai ƙara, wane ta ba wanda ake tuhuma? Amurkawa sun share shekaru ashirin suna jayayya a kan wannan kafin su sake dokarsu, kuma har yanzu da sauran rina a kaba.

Makarantun da dokar da ke kansu

Manyan makarantun uku ne. Akwai West Point ta sojan ƙasa, wadda aka kafa a 1802. Akwai Annapolis ta sojan ruwa, a 1845. Sai ta sojan sama da ke jihar Kolorado, wadda dokar kafa ta ta fito a 1954. Kowace tana da ɗalibai wajen dubu huɗu. Karatun shekaru huɗu ne, kyauta, har ana ba ɗalibi kuɗin wata, shi kuwa ya biya da aikin soja na shekaru biyar aƙalla bayan ya fita da galar hafsa. Mata ba su samu shiga ba sai a 1976, bayan shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta buɗe musu ƙofa a 1975. A wannan shekara ta farko mata 119 suka shiga West Point, 81 Annapolis, 157 makarantar sojan sama.

Abin da ya raba waɗannan ɗalibai da na kowace jami'a shi ne, tun ranar da suka yi rantsuwa doka ta ɗauke su sojoji. Kundin shari'ar soja, wanda aka zartar a 1950 ya fara aiki a 1951, shi ke hukunta su, kuma ayarsa ta 120 ita ta yi magana a kan fyaɗe. Dokar 1972 da ta hana wa makarantun Amurka nuna bambanci tsakanin mace da namiji, wadda ɗaliban jami'o'i ke dogara da ita su kai makarantarsu ƙara, ba ta hau kan makarantun soja ba, domin an cire su daga cikinta da gangan.

A ƙarƙashin wancan kundi, har zuwa ƙarshen 2023, kwamanda shi ne wuƙa shi ne nama. A makarantar hafsoshi kwamandan nan shi ne shugaban makaranta, galibi janar mai taurari uku. Shi ke cewa a kafa kotun soja ko kar a kafa. Shi ke zaɓen hafsoshin da za su zauna su yanke hukunci. A da ma, har zuwa 2013, yana da ikon soke hukuncin bayan an yanke shi, ba tare da ya ba kowa dalili ba. Ga shi kuma ba lauya ba ne, kuma shi ne mutumin da sunan makarantar ke wuyansa, wanda duk wani abin kunya da ya fito fili zai iya taɓa ƙarin girmansa. Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujjarsu: sun ce soja ba ya tsayuwa sai da ladabi da biyayya, kuma kwamandan da aka ƙwace wa ikon hukunci ya zama kamar makiyayi marar sanda. Hujja ce da ta daɗe tana cin nasara a Majalisar Dokoki.

Abin da ya fito fili a Kolorado

A farkon 2003 wasu ɗalibai mata na makarantar sojan sama, da waɗanda suka riga suka bar ta, suka fara gaya wa ƴan majalisa da ƴan jarida abin da ya same su. Labarinsu kusan iri ɗaya ne. Wadda ta kai ƙara sai a juyo kanta, a tuhume ta da shan giya kafin ta kai shekara 21, ko da hulɗar da dokar makaranta ta hana tsakanin ɗaliban aji na sama da na ƙasa. Wanda ta ambata kuwa sau da yawa ya ci gaba da karatunsa. Wato an ɗauki karin maganar nan ta ɓera da daddawa an mayar da ita dokar aiki, kuma sauran ɗalibai mata suka ga abin da ke samun mai magana, suka kama bakinsu.

Kwamitin binciken da Majalisa ta sa aka kafa, ƙarƙashin tsohuwar ƴar majalisa Tillie Fowler, ya ba da rahotonsa a watan Satumba na 2003, inda aka ƙidaya ƙorafi 142 na cin zarafi a makarantar daga 1993 zuwa 2002. An sauya manyan shugabannin makarantar guda huɗu, shugabanta kuma ya yi ritaya bayan an rage masa tauraro ɗaya. A 2005 ma'aikatar tsaro ta buɗe ofishi na musamman kan wannan matsala, ta kuma kawo hanyoyi biyu na kai rahoto. Ta farko a asirce take: wadda abin ya samu za ta ga likita da mai ba da shawara ba tare da kwamanda ya san sunanta ba, amma ba za a buɗe bincike ba. Ta biyu a bayyane take, ita ce ke jawo bincike da yiwuwar shari'a. Wannan gyara ya taimaki mata da yawa su samu magani. Sai dai ikon kai ƙara kotu ya zauna inda yake, a hannun kwamanda.

Shari'ar Annapolis

Shekaru goma bayan haka wata shari'a ta nuna yadda tsarin ke cutar da kowane ɓangare. A watan Afrilu na 2012 aka yi wani biki a wani gida da ke wajen makarantar Annapolis. Wata ɗaliba ta ce ta sha giya da yawa a daren, ba ta tuna yawancin abin da ya faru ba, sai daga baya ta ji daga bakin abokai da abin da ake rubutawa a intanet cewa ɗalibai uku, ƴan ƙungiyar ƙwallon makarantar, sun sadu da ita. Aka tuhumi ukun.

Kafin kotun soja ta zauna, aya ta 32 ta tanadi zaman share fage domin a ga ko akwai hujjar ci gaba. A zaman da aka yi a Washinton a ƙarshen watan Agusta na 2013, lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka riƙe ɗalibar kwanaki biyar, fiye da awa ashirin, suna yi mata tambayoyi a kan tufafinta na ciki da wasu abubuwa da kunya ba za ta bari a maimaita a wannan zaure ba. A kotun farar hula alƙali zai hana yawancin irin waɗannan tambayoyi. Jaridu suka buga abin, kuma duk wata ɗaliba da ke tunanin kai ƙara ta karanta shi.

Hafsan da ya jagoranci zaman ya ba da shawarar kar a kai maganar kotu. Shugaban makaranta ya ƙi shawarar, ya tura biyu daga cikin ukun. A watan Janairu na 2014 aka janye tuhumar ɗaya, bayan alƙali ya ƙi karɓar bayanan da ya yi wa masu bincike domin ba su sanar da shi haƙƙinsa na yin shiru ba. Na ƙarshen kuwa alƙalin soja ya wanke shi daga laifin cin zarafi a watan Maris na 2014. Masu goyon bayan ɗalibar suka ce makaranta ta yi jinkiri don kare ƴan ƙwallonta. Lauyoyin samarin suka ce shugaban makaranta ya tura shari'ar da ba ta da ƙarfi don gudun fushin ƴan siyasa. Abin lura shi ne, ɓangarorin biyu da ba su yarda da juna a kan komai ba, zarginsu wuri ɗaya ya nufa: mutumin da ya yanke shawara yana da abin da yake karewa wanda ba shari'ar ba ce.

A cikin wannan shekara ta 2013 wani abu ya ƙara hura wutar. A sansanin sojan sama na Aviano, a Italiya, kotun soja ta samu wani laftanar-kanar da laifin cin zarafin wata mace, sai Janar Craig Franklin ya soke hukuncin a watan Fabrairu da sa hannunsa kawai. A watan Disamba Majalisa ta zartar da gyare-gyare. An ƙwace wa kwamanda ikon soke hukunci a manyan laifuffuka. An taƙaita zaman aya ta 32, aka ba mai ƙara damar ƙin bayyana a cikinsa. An wajabta korar duk wanda aka samu da laifin fyaɗe daga soja. An kuma tilasta wa kowace runduna ta ba mai ƙara lauyan soja nata na kanta, kyauta, wanda aikinsa kare muradinta ne kaɗai, tsarin da sojan sama suka fara gwadawa a watan Janairu na 2013. Amma da Sanata Kirsten Gillibrand ta kawo ƙudurin a cire ikon kai ƙara daga hannun kwamanda gaba ɗaya, a watan Maris na 2014, ƙuri'a 55 ta samu a Majalisar Dattawa, alhali 60 ake bukata.

Haƙƙin wanda ake tuhuma

Jama'a masu sauraro, adalci ba ya cika in an duba gefe ɗaya. Ɗalibin da aka tuhuma shi ma ɗan wani ne, kuma doka ta ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa ba tare da wata shakka mai ma'ana ba. Kundin soja ya ba shi kariya ta gaske. Aya ta 31 ta wajabta a gaya masa abin da ake zarginsa da shi da kuma haƙƙinsa na yin shiru, kuma sojoji sun samu wannan tun 1951, shekaru 15 kafin Kotun Ƙoli ta shimfiɗa wa ƴan sanda irin wannan ƙa'ida a 1966. Ana ba shi lauyan soja kyauta, ko yana da hali ko ba shi da shi. Aya ta 37 kuma ta haramta wa na sama su matsa wa kotu lamba. Wannan haramci bai bar shugaban ƙasa ba: da Barack Obama ya faɗi a bainar jama'a a watan Mayu na 2013 cewa ya kamata a gurfanar da masu irin wannan laifi a kuma kore su korar wulaƙanci, wani alƙalin sojan ruwa a Hawai ya yanke cewa maganar babban kwamandan askarawa ta zama matsin lamba, ya hana a yi wa mutane biyu da ke gabansa irin wannan kora ko da an same su da laifi.

Amma akwai inda soja ya kasa farar hula. A 2020 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a samun mutum da babban laifi a kotunan jihohi sai dukan masu taya alƙali yanke hukunci sun yarda baki ɗaya. A kotun soja kuwa kashi uku bisa huɗu sun isa, wato mutum shida cikin takwas, kuma a 2023 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta soja ta ce hukuncin 2020 bai shafi sojoji ba. Saboda haka ɗalibi zai iya tafiya kurkuku alhali biyu daga cikin hafsoshin da suka saurari shaida ba su gamsu ba. An ga kuma yadda kotunan soja da kansu ke saɓa wa juna: wani ɗalibin West Point da aka yanke wa ɗaurin shekaru 21 a 2017, kotun ɗaukaka ƙara ta sojan ƙasa ta soke hukuncinsa a 2019, tana cewa shaidar ba ta gamsar da ita ba. Wasu suka ga an ceci marar laifi, wasu suka ga an watsar da maganar mace.

Bayan wannan, makaranta tana da hanyar da ba ta bi ta kotu. Ko an wanke ɗalibi, ko ba a kai shi kotu ba sam, hukumar makaranta za ta iya korarsa a zaman ladabtarwa inda hujjar da ake bukata ba ta kai ta kotu nauyi ba. Wanda ya riga ya shiga shekara ta uku kuwa, in aka kore shi, ana iya neman ya biya kuɗin karatunsa ko ya yi aiki a matsayin ƙaramin soja.

Ƙofar da ke rufe

Akwai kuma wata ƙofa da ke rufe ga mai ƙara, wadda Majalisa ba ta buɗe ba. Asalinta wani hafsa ne, Rudolph Feres, da ya mutu a gobarar bariki a 1947. Matarsa ta kai gwamnati ƙara, a 1950 Kotun Ƙoli ta yanke cewa soja ba ya neman diyya daga gwamnati a kan cutar da ta same shi ta dalilin aikin soja. Wata ɗaliba ta West Point, wadda kotu ta sakaya sunanta, ta ce wani ɗalibi ya yi mata fyaɗe a 2010, ta bar makarantar a wannan shekara, daga baya ta kai shugabanninta da gwamnati ƙara cewa sun bar al'adar raina mata ta yi ƙarfi. Kotunan ƙasa suka ce hukuncin 1950 ya rufe mata hanya, a watan Mayu na 2021 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar. Alƙali Clarence Thomas ya rubuta rashin amincewarsa, yana nuna cewa da matar ƴar kwangila ce farar hula da ke aiki a makarantar, da ta samu damar shigar da wannan ƙara. Ma'anar hukuncin dai ita ce, a idon doka fyaɗen da aka yi wa ɗaliba a harabar makaranta yana cikin abubuwan da ke samun mutum ta dalilin aikin soja.

Yadda aka karɓe ikon

Abin da ya karya tsohuwar hujjar kwamandoji bai faru a makaranta ba. A watan Afrilu na 2020 aka kashe wata ƙaramar soja, Vanessa Guillén, a barikin Fort Hood na jihar Texas, kuma danginta suka ce ta gaya musu ana damunta da neman lalata amma tana tsoron kai ƙara. Dubban mata sojoji suka fito da nasu labarin. A 2021 ministan tsaro Lloyd Austin, wanda shi kansa tsohon janar ne kuma West Point ta yaye shi, ya kafa kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin Lynn Rosenthal. Kwamitin ya kawo shawarwari 82, ministan kuma ya goyi bayan a cire ikon kai ƙara daga hannun kwamanda. Dokar ta fito a watan Disamba na 2021, ta fara aiki a ƙarshen Disamba na 2023. Tun daga nan, a laifin fyaɗe, kisan kai, dukan iyali da wasu manyan laifuffuka, lauyoyin soja na musamman ke yanke shawarar gurfanarwa. Shugabansu a kowace runduna yana ba da rahoto kai tsaye ga farar hular da ke shugabantar rundunar, kuma kwamanda ba ya iya soke shawararsu. An kuma shimfiɗa ƙa'idar da ta hana a hukunta mai ƙara a kan ƙananan laifuffuka kamar shan giya, wato abin da aka yi amfani da shi aka rufe bakin matan Kolorado.

Ga kuma abin da ƙididdiga ta nuna. Ma'aikatar tsaro tana tambayar ɗaliban makarantun uku a asirce duk bayan shekaru biyu. A 2022 kimanin kashi 21 bisa 100 na mata da kashi 4 bisa 100 na maza suka ce an taɓa su ko an sadu da su ba da yardarsu ba cikin shekarar karatu guda, abin da aka ƙiyasta ya kai ɗalibai 1136. Rahotannin da ɗalibai suka kai a wannan shekara kuwa 155 ne. A 2024 adadin ya sauka zuwa kimanin kashi 13 bisa 100 na mata, ɗalibai 783 gaba ɗaya. Saukar abin farin ciki ce, amma tazarar da ke tsakanin waɗanda abin ya samu da waɗanda suka kai rahoto ita ce ma'aunin yadda ɗalibai suka yarda da shari'ar gidansu.

Kuma ɓoyo bai ƙare da 2003 ba. A watan Yuni na 2023 tashar CNN ta tona cewa rundunar tsaron gaɓar teku ta fara wani bincike a 2014 kan fyaɗen da aka yi a makarantar hafsoshinta daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 2006, ta gano an yi sakaci da ƙorafi masu yawa, sa'an nan ta ajiye rahoton ba ta nuna wa Majalisa ba. Shugabar rundunar a lokacin, Linda Fagan, ta nemi gafara gaban sanatoci.

Shugaban zama, jama'a masu sauraro, kowane gyara da aka lissafa a nan daga waje aka tilasta shi: ɗalibai suka yi magana, jaridu suka buga, Majalisa ta kira janarori ta yi musu tambaya a fili, alƙalai kuma suka tsawata wa kowa har da shugaban ƙasa. Ɗaliban da ke waɗannan makarantu yau su ne za su riƙe rundunoni nan da shekaru ashirin ko talatin, kuma irin shari'ar da suka gani suna ɗalibai ita za su ɗauka ita ce daidai. Abubuwa biyu na nan gaban Majalisar Amurka ba a warware ba: ko ɗalibar da aka cuta za ta samu damar kai gwamnati ƙara, da kuma ko za a daina ɗaure soja da ƙuri'ar mutum shida cikin takwas. Na farko haƙƙin mai ƙara ne, na biyu haƙƙin wanda ake tuhuma, kuma mai son adalci ba shi da dalilin riƙe ɗaya ya saki ɗaya.

Fili ya buɗe ga masu tambaya.